A kai yara ganin Birni, amma kada a cika mota

Akwai wani tsibiri a kudu da ƙasar Indiya da ake kira Siri Lanka. Larabawan da suna ce masa Sarandib, Turawan Ingila kuma suka mulke shi da sunan Silon, sunan da har yau ake gani a jikin kwalin ganyen shayi ko da yake ƙasar ta ajiye shi tun 1972. Ibn Batuta ya je can a 1344, ya hau dutsen da ake cewa akwai sawun Annabi Adamu a kansa. A zamanin nan ƙasar tana cikin wuraren da masu yawon buɗe ido suka fi ƙauna: a shekarar 2018 kaɗai baƙi sama da miliyan biyu suka shiga ta, alhali mutanenta duka-duka kimanin miliyan ashirin da biyu ne. Ban kawo zancen don in kwaɗaita wa kowa tafiya can ba, albashin malamin lakwal a Damagaram ko kuɗin jirgin ba zai biya ba. Wata dabara ce tasu nake so mu malamai da iyaye mu duba, domin dabara ce da ba ta cin ko dala.

Kamfanonin da ke kai baƙi wannan tsibiri suna da wata haja da suke talla da alfahari, wato tafiyar ƙaramin ayari. Mutum goma sha biyu ne, in an yi yawa goma sha shida, da ƙaramar mota, da jagora guda ɗan ƙasar. Sai a yi kwana goma ko mako biyu ana zagayawa: a hau dutsen Sigiriya inda wani sarki ya gina fadarsa tun ƙarni na biyar, a shiga birnin Kandi, a hau jirgin ƙasa ya ratsa gonakin shayi, a taka ganuwar Galle wadda ƴan Fotigal suka fara, ƴan Holan suka faɗaɗa. Wani lokaci a ci abincin rana a gidan wani manomi. Sau da yawa mai shiga irin wannan ayari ya fi mai shiga babbar mota biyan kuɗi, kuma yana biya da son ransa. Abin da yake saya shi ne ya ji maganar jagora da kunnensa, ya yi tambaya a amsa masa, ya shiga ƙaramin wuri ba tare da turereniya ba, kuma in ya ɓace a gane da wuri. Manya ne fa, masu kuɗi, masu ilimi, amma sun gane cewa in aka wuce goma sha ɗan wani abu, ba a ganin komai sai ƙeyar na gaba.

To mu fa, yaya muke yi da ƴaƴanmu ƴan shekara goma? A yawancin makarantun gwamnati ba a fita ko kaɗan; yaro zai gama CM2 a Sabon Gari ko Garin Malam bai taɓa tsayawa a ƙofar fadar Sarkin Damagaram wani ya gaya masa wanda ya gina ta ba. Makarantun kuɗi su ne suke ɗan taɓawa, sau ɗaya a shekara, kuma kusan duk salonsu ɗaya ne. A ɗauko babbar mota, a ɗura yara sittin ko tamanin, a tafi ana waƙa ana tafi, a sauka, a jera su a ɗauki hoto, a raba biskit da lemo, a komo. Na taɓa tsayawa gefe ina kallon irin wannan ziyara. Wani dattijo yana ta bayani da muryarsa ta tsufa, yara biyar ko shida da ke gabansa suna saurare, sauran kuwa wasu suna wasa da tsakuwa, wasu suna neman wurin fitsari, malamai biyu suna ta ƙirga kawuna suna sake ƙirgawa. Washegari hoton ya zagaya wayoyin iyaye kowa yana sa albarka. Ban ga laifin malaman ba, sun yi iyakar ƙoƙarinsu. Tsarin ne ba ya barin kowa ya koyi wani abu.

Ra'ayina ke nan: a riƙa kai yara ganin garinsu da ƙasarsu akai-akai, amma goma-goma ko sha biyu-sha biyu, da malami ɗaya, da uba ko uwa ɗaya, da wanda ya san wurin. Kuma a fara da ƙafa kafin a yi zancen mota.

Wani zai ce, me ke akwai a Damagaram da har za a kwatanta da abin da Turawa ke ƙetare teku su gani? Wannan tambaya ita kanta shaida ce cewa ba a kai mu ba muna yara. Bari mu bi Birni da yara goma sha biyu mu gani.

Masarautar ta samo asali ne a ƙarni na goma sha takwas daga wani malami da ya fito daga wajen Barno, kuma ta daɗe tana kai gaisuwa ga Barno kafin ta yi ƙarfin tsayawa da ƙafarta. Shi ya sa yaro zai ji sarautu irin su Ciroma da Galadima da Kaigama, waɗanda asalinsu na Barebari ne, a garin da Hausa ake yi. Wannan kaɗai ya isa darasi: garin nan tun fil azal Hausawa da Barebari da Buzaye da Fulani da Larabawa ne suka haɗu suka yi shi. Sarki Tanimun, wanda ya yi doguwar sarauta daga wajen 1851 zuwa 1884, shi ne ya kewaye Birni da ganuwa, ya tara bindigogi, har ya sa maƙera suna zuba igwa a nan cikin gari. Ka gaya wa yaro a aji cewa kakanninsa sun ƙera igwa, zai rubuta ya haddace ya manta. Ka tsayar da shi inda guntun ganuwa ya rage, ka ce ya auna kaurinta da taku, ka tambaye shi mutum nawa yake jin suka kwaɓa ƙasar, daga ina suka ɗebo ruwa a garin da har yau ruwa ke wahala, su wane ne suka yi aikin, da son ransu ko dole, to ka shigar da lissafi da tarihi da labarin ƙasa cikin safiya ɗaya. Amma wannan hira ba ta yiwuwa da yara tamanin. Da goma sha biyu kowa zai taka, kowa zai faɗi adadin da ya samu, a yi gardama, a sake aunawa.

Daga nan sai lungunan Birni, waɗanda wasunsu mutum biyu ba sa jerawa, suna lanƙwasa tsakanin manyan duwatsu da gidajen ƙasa masu zane a fuska da zanko a kai. A cikinsu akwai gidan da aka ce Heinrich Barth ya sauka, Bajamushen nan da ya kira kansa Abdulkarim, wanda ya zauna a garin daga ƙarshen 1852 zuwa farkon 1853 kafin ya nufi Katsina da Sakkwato da Tambutu. Kafinsa, abokin tafiyarsa James Richardson ya yi makonni a nan a farkon 1851, ya rasu a hanyar Kukawa ba da jimawa ba. Ni dai in ina gaban yara ba na daɗewa a kan Barth. Dorugu nake ba su labari. Yaro ne Bahaushe da aka haifa a Dambanas, wajen Kance, aka kama shi yana ƙarami aka mai da shi bawa, aka yi ta sayar da shi daga hannu zuwa hannu har ya faɗa wurin waɗannan matafiya, aka ƴanta shi. Ya bi Barth zuwa Tambutu, ya ƙetare Sahara, ya isa Ingila a 1855. A can ya ba wani mai nazarin harshe, Schön, labarin rayuwarsa da Hausa, aka rubuta aka buga cikin littafin Magana Hausa, wanda yake cikin tsofaffin rubuce-rubucen Hausa da boko. Daga baya ya komo ƙasar Hausa, a ƙarshen rayuwarsa ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, ya rasu a 1912. Yaron ƙasar Damagaram ne, sa'ar ƴan ajinmu lokacin da aka raba shi da iyayensa. Duk lokacin da na ba da wannan labari ga ƴan yara kaɗan a zaune a inuwa, tambayoyi ba sa ƙarewa: ya sake ganin uwarsa? Da wane harshe yake magana da Bature? Bai ji sanyi ba? Irin tambayoyin nan ba mai yin su a cikin taron yuyuyu.

Sai maganar zuwan Faransawa. A watan Mayu na 1898 aka kashe Kyaftin Kazamaju da tafintansa a nan garin, a zamanin Sarki Ahmadu Kuren Daga, sarkin da ya kai yaƙi har ƙasar Kano lokacin Sarki Alu. A ƙarshen watan Yuli na 1899 ragowar rundunar Bule da Shanuwan, wadda ta yi ta'asa a hanyarta tun daga yamma, ta gwabza da mayaƙan Damagaram a Tirmini, ta shiga gari, kuma a watan Satumba aka kashe Kuren Daga. A 1906 Turawa suka zargi Sarki Ahmadu ɗan Bassa da shirya musu makirci, suka tuɓe shi suka kai shi Kwaddebuwa. Garin ya zama hedkwatar mulkinsu a Nijar daga 1911 har 1926, lokacin da aka mayar da ita Yamai, kuma ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da aka bayar. Barikin da suka gina a kan duwatsu yana nan ana hango shi. Wurin soja ne, a nuna wa yara daga nesa, a hana su ɗaga waya. Tirmini kuwa ba ta da nisa a kan hanyar yamma, ƙaramar mota ɗaya ta isa. Yara nawa ne a garin nan suka san cewa wurin da suke wucewa in za su Maraɗi filin daga ne?

Zango labarinsa daban ne, kuma ni ina ganin ya fi amfani ga yaron da zai tashi ya nemi abinci da kasuwanci. Nan ne fatake da Buzaye ke sauka da raƙumansu. Gishiri daga Bilma, fatu da gashin jimina zuwa Tarabulus, tufafi daga Kano, duk ta nan suke bi, kuma attajirai irin su Malam Yaro a nan suka yi suna. Sana'ar fata ba ta mutu ba. A kai yara majema su ji warin da hancinsu, su ga yadda ake jiƙa fata da bagaruwa, sannan a bi ta har rumfar baduku su ga ta zama jaka ko takalmi. Rumfar baduku mutum nawa take ɗauka? In ka zo da tamanin ka tare masa hanyar ciniki, gobe in ya hango ka zai kau da kai. In ka zo da goma, ka yi sallama, ka sayi ɗan abin maƙala makulli, zai ajiye aikinsa ya nuna musu yadda ake riƙe basilla.

Abin da ya sa nake ganin ba mu da lokacin jira shi ne gine-ginen nan na ƙasa ne, kuma damina ba ta tausaya musu. A farkon watan Satumba na 2024 tsohon masallacin Birni, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na goma sha tara, ya rushe bayan ruwan sama mai yawa. Mutane da dama sun fara sanin darajarsa ne ranar da suka ga hoton ɓaraguzansa a Facebook. Tun 2006 Nijar ta sa Birni da fadar sarki cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Agadas ta samu shiga a 2013, mu muna nan muna jira. Ko an amince ko ba a amince ba, yaɓen gida ba daga Faransa zai zo ba. Wanda zai hana a rushe zaure mai zane a sa bulo da kwano shi ne magajin gidan, kuma magajin gidan yau yana zaune a bencinmu na aji huɗu. In bai taɓa jin wani ya ce wannan zaure abin kallo ne ba, ranar da ya samu kuɗi tsohon gini kawai zai gani.

Da can akwai masu tunatar da mu, wato baƙi. Waɗanda suka manyanta sun tuna lokacin da Turawa ke sauka garin nan a hanyarsu ta zuwa Agadas, suna yawo a Birni da ƴan jagora, suna sayen kayan fata. Tawayen arewa na 2007 da sace-sacen Turawa da suka biyo baya sun tsinke wannan hanya, kuma ba ta sake ɗinkewa ba. Su ma mutanen Siri Lanka sun ɗanɗana irin wannan. Sun yi yaƙin basasa daga 1983 zuwa 2009. A watan Afrilu na 2019 aka kai hare-hare coci-coci da otal-otal, mutum sama da 250 suka mutu, baƙi suka ɗauke ƙafa. Korona ta biyo baya, sannan a 2022 tattalin arzikinsu ya durƙushe har shugaban ƙasa ya gudu. Amma akwai abin da suka daɗe suna yi: a wurare irin su Sigiriya kuɗin shigar ɗan ƙasa kaɗan ne ƙwarai in aka gwada da na baƙo, kuma ƴan makarantarsu da fararen kayansu suna cikin masu hawa dutsen. Wurin tarihin da ƴan ƙasa ke zuwa ba ya zama kango don baƙo ya daina zuwa. Mu kuwa mun bar wa baƙi kallon, da suka tafi sai kallon ya tafi tare da su.

Na san abin da ƴan'uwana malamai za su ce, domin ni ma alli nake riƙewa. Aji mai yara saba'in da biyu, wa za ka ɗauka wa za ka bari? Amsar lissafi ce: ayari shida na sha biyu-sha biyu, Asabar shida. Ba wanda aka bari. Sharaɗi ɗaya ne, kada a mai da fitar ta zama ladan masu ƙoƙari ko ta ƴaƴan masu hali. A bi jerin sunaye yadda yake a rajista, ko a yi ƙuri'a a gaban kowa. Sau da yawa yaron da ba ya buɗe baki a aji shi ne zai ba ka mamaki a waje, domin wataƙila kakansa maƙeri ne, ko kakarsa a Birni take. Kuma ba dole ne duk ayarin shida su je wuri ɗaya ba. Wannan ya je fada, wancan majema, wani Kasuwar Dole ya tambayo inda kowace haja take fitowa, wani ya bi masu garuwa ya gano inda suke ɗebo ruwa da nawa suke sayarwa. Ranar Litinin kowane ayari ya tsaya gaban aji ya faɗi abin da ya gano. Yaron da ya san cewa shi ne idon sauran ba ya wasa da tsakuwa.

Maganar Asabar ɗin malami gaskiya ce, ba na raina ta. Mutum ya yi kwana biyar yana fama da ƙura da hayaniya, ga albashi ba ya kai wata, sannan a ce ya ba da safiyar hutunsa. Shi ya sa nake ganin bai kamata nauyin ya hau kan malami ɗaya ba. Makaranta mai malamai shida, in kowa ya ɗauki Asabar ɗaya cikin wata biyu, abin ya yiwu. Kwamitin COGES da ƙungiyar iyayen yara su ɗauki ɗan abin da za a ba jagora da kuɗin ruwan sha. A cikin gari ko dala ashirin-ashirin aka tara ya isa, wanda ba shi da ita kuma a rufa masa asiri, kada a kira sunansa. Ga kuma ɗaliban jami'ar da ke ɗauke da sunan André Salifou, ɗan garin nan da ya rubuta littafin tarihin Damagaram na ƙarni na goma sha tara tun 1971. Samari da ƴan mata ne masu karatu, da yawansu suna neman inda za su gwada abin da suka koya. Me zai hana kowace makaranta ta nemi biyu daga cikinsu?

Jagoran nan kuwa a biya shi, kuma a biya shi a gaban yara. Dattijon da ya san tarihin unguwarsa, ko dogarin da ya bar inuwarsa ya zagaya da ku, ilimi ya ba ku. In yara suka ga ana ba malamin lissafi albashi amma ana sallamar wannan da "Allah ya saka" kawai, sun koyi darasin da ba mu yi niyyar koya musu ba. Haka nan ladabin wuri: a aika tun kafin ranar a nemi izini, a koya wa yara yadda ake gaisuwa a fada, a cire takalmi inda ake cirewa, kada a ɗauki hoton mutum sai ya yarda. Birni ba gidan kallo ba ne, unguwa ce da mutane ke kwana suna tashi.

Ga iyaye, musamman iyayen ƴaƴa mata, tsoronku yana da tushe. Ba wanda zai so a ce ƴarsa tana yawo cikin gari da sunan makaranta ba tare da ya san wanda ke riƙe da ita ba. Amma ku duba, wanne ya fi hatsari: yara tamanin cikin mota ɗaya da malamai biyu, ko yara goma da malama da wata uwa daga unguwarku da kuka sani, a fita da hantsi a komo kafin azahar? A ƙaramin ayari kowane yaro yana da suna a bakin mai rakiya. Kuma akwai wata riba da ayarin ƴan mata ke da ita wadda ni namiji ba zan taɓa samu ba: suna shiga cikin gida. Rabin tarihin garin nan yana bakin tsofaffin mata ne, a bayan zauren da aka rubuta wa "ba a shiga". Yadda aka yi yunwa, yadda ake kai amarya, wace rijiya ce ba ta ƙafewa, wace sana'a mata ke yi daga cikin ɗaki har su aurar da ƴaƴa. Littafin tarihin aji ba shi da ko layi ɗaya a kan wannan. Malama da ƴan mata takwas da littafin rubutu za su fito da abin da babu shi a kowane kundi.

Akwai wata magana mai nauyi da ba zan tsallake ba. Tarihin Damagaram ba ganuwa da igwa da hawan sallah ba ne kaɗai. Akwai hare-haren kamun bayi, akwai cinikinsu, Richardson ya gani da idonsa ya rubuta, kuma Dorugu kansa shaida ne. A cikin kowane aji akwai jikokin waɗanda suka kama da jikokin waɗanda aka kama, galibi ba su ma sani ba, kuma ba aikin malami ba ne ya nuna gidan kowa ko ya kira sunan zuriyar kowa. Amma ɓoye zancen gaba ɗaya ma ba daidai ba ne, domin yaro zai ji shi wata rana a bakin mai gori. Gara ya fara jinsa daga malaminsa cikin natsuwa: an yi wannan, zalunci ne, an yi shi a ƙasashe da yawa, kuma ba ya ƙara wa kowa daraja ko ya rage masa a yau. Irin wannan magana ana yin ta ne a zaune, murya ƙasa-ƙasa, ana kallon fuskar kowane yaro. Da lasifika ba ta yiwuwa.

In an saba da cikin gari, sai a ɗan miƙa. Mirya ba ta kai tafiyar sa'a ɗaya ba, ga garake, ga masu ginin tukwane. Gidimuni tana da tafki da dabino, yaron da ya tashi yana ganin jarka a layin famfo zai ga ruwa shimfiɗe ya yi tambayar da ya kamata: me ya sa can akwai, nan babu? Daga nan malami ya shiga bayanin dutsen da garin ke zaune a kai, da dalilin da ya sa ake jawo ruwa daga nesa, daga Gogo da Arunguza. A irin wannan tafiya ne za a ga amfanin ƙaramar mota: mutum goma sha huɗu kowa da kujerarsa, direban da aka sani, ba lodi, ba tafiyar dare. Kuma a tambayi hukuma halin da hanya take ciki kafin a tashi. Inda aka ce kada a je, kada a je.

Da wane harshe za a yi? Da Hausa mana, harshen da dattijon zai yi magana da shi kuma yaron zai yi tambaya da shi. A nan Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da harshen gida tare da Faransanci a 1973, kuma tun 2025 dokar ƙasa ta ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa. In an komo, yaro ya rubuta abin da ya gani da Hausa tukuna, shafi ɗaya, sannan a taimaka masa ya juya rabinsa zuwa Faransanci. Za a ga bambanci tsakanin rubutun wanda yake da abin faɗi da na wanda aka ce ya kwatanta dusar ƙanƙara.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, musamman ɗan hutun ƙarshen Disamba. Babban hutu damina ne, yara da yawa suna gona, lungunan Birni suna da caɓi, katangu kuma a jiƙe suke. Bazara kuwa ba mai hankalin da zai jera yara a kan dutse.

Roƙona ga fada da ofishin magajin gari ƙarami ne, ba ya bukatar kasafin kuɗi. A ware safiyar Asabar ta zama ta ƴan makaranta, a sa mutum ɗaya da darektoci za su riƙa tuntuɓa don a raba musu ranaku kada ayari uku su haɗu a ƙofa ɗaya, a yanka abin da za a ba jagora ya zama sananne ga kowa, sannan a rubuta a ƙofa cewa ba a karɓar ayarin da ya wuce yara goma sha biyar.